Ɗaukar Hoton Fuska Idan Haske Ya Yi Ƙaranci



Shugaban wannan zama, iyayenmu da suka riƙe kyamara tun zamanin fim da ɗakin wanki, abokan sana'a maza da mata, da ƙannenmu masu shirin shigowa, ina yi mana barka da zuwa.

An nemi in yi magana kan ɗaukar hoton mutum a inda haske ya yi ƙaranci, da kyamarar nan marar madubi da gilashi mai faɗin baki. Batu ne da ya shafi tuwonmu kai tsaye. Kamu, dina, walima, taron suna, yawancin aikin da ake biyanmu a kansa ko dai bayan magariba ake yin sa, ko a cikin ɗakin da tagarsa ɗaya ce.

Magana ɗaya zan yi ta juyawa a yau. Kyamara da gilashi, komai tsadarsu, ba sa ƙirƙirar haske; wanda suka tarar shi suke tattarawa. Saboda haka aikin mai hoto a cikin duhu shi ne ya gano inda ɗan hasken yake fitowa, ya kai fuskar wurin, sannan ya yanke shawarar abin da zai haƙura da shi. Na'ura tana ƙara maka zaɓi, amma kai ne mai zaɓen.

Yadda aka faro

Da aka bayyana hanyar Daguerre ta ɗaukar hoto a birnin Faris a 1839, sai mutum ya yi mintoci a zaune ba motsi, har akan sa masa ƙarfe a ƙeya ya riƙe masa kai. A 1840 wani malamin lissafi a birnin Biyana, Joseph Petzval, ya zana gilashi mai faɗin f/3.6, kamfanin Voigtländer ya ƙera shi. Da wannan gilashi, tare da gyaran da aka yi wa sinadaran, zaman ya dawo ƙasa da minti ɗaya. Ke nan gilashi mai faɗin baki tun asali saboda fuskar ɗan Adam aka ƙera shi, domin dutse da gini ba sa gajiya da jira.

A 1924 aka fitar da kyamarar Ermanox a birnin Dresden na Jamus da gilashin f/2. Da ita Erich Salomon ya riƙa shiga zaurukan taron manyan 'yan siyasar Turai yana ɗaukar su da hasken ɗakin kawai. Faifan ɗaukarsa ba shi da ƙarfin jin haske, don haka sai ya dasa kyamara, ya zuba ido, ya jira lokacin da mai magana ya ɗan dakata kafin ya danna.

A 1975 Stanley Kubrick ya fitar da fim ɗinsa Barry Lyndon, wanda aka ɗauki wasu sassansa da hasken kyandir. Ya yi amfani da gilashin Zeiss mai faɗin f/0.7, irin wanda aka ƙera wa hukumar NASA. Duk da haka sai da aka jera kyandirori rututu kusa da fuskokin 'yan wasan, aka kuma hana su yawan motsi, domin da mutum ya ɗan gusa gaba ko baya ya fita daga saiti.

A nan Afirka ta Yamma, manyan masu hoto biyu na Bamako sun bi hanya daban-daban. Seydou Keïta ya fi dogara da hasken rana a tsakar gidansa. Malick Sidibé kuwa ya bi matasa wuraren rawar dare da filasha. Abin lura a nan shi ne, babu ɗaya daga cikin mutanen da na ambata da ya miƙa wa na'ura wuya. Kowannensu ya fara warware batun haske da motsi tukuna.

Abin da cire madubi ya canza

A kyamarar DSLR da yawancinmu muka koyi aiki da ita, akwai madubi a bayan gilashi da ke tura haske sama zuwa maleƙa. Idan ka danna sai ya ɗaga, hoto ya shiga sensa, ya sake faɗowa. Panasonic ce ta fara fitar da irin wadda muke magana a kai, Lumix G1, a 2008. Sony ta kawo A7 mai babbar sensa a 2013, Nikon da Canon kuma suka fitar da nasu manyan a 2018.

A cikin duhu, cire madubin ya kawo amfani huɗu.

Na farko, maleƙar ta zama ɗan ƙaramin allo da ke nuna abin da sensa take gani. A DSLR idan ɗaki ya yi duhu maleƙa ma duhu ce, sai ka ɗauka sannan ka duba. A nan kuwa kana ganin yadda hoton zai fito tun kafin ka danna.

Na biyu, wanda a ganina ya fi duka, shi ne saiti. DSLR tana auna saiti da wata na'ura ta daban a ƙasan madubi. Idan aka sami ɗan saɓani tsakaninta da sensa, sai ka saita ido, hoto ya fito kunne ne tangaran. A ƙaramin baki ba a lura da wannan, amma a f/1.4 tonon silili yake yi. Marar madubi a kan sensar kanta take aunawa, kuma na yanzu suna gane idon mutum su bi shi.

Na uku, babu bugun madubi da ke girgiza kyamara, kuma da yawansu sensar tana gyara rawar hannu da kanta.

Na huɗu, tazarar da ke tsakanin gindin gilashi da sensa ta ragu: milimita 44 ce a Canon EF, amma 18 ce a Sony E, 16 a Nikon Z. Wannan ya sa da ɗan zoben haɗi za ka iya ɗaura tsohon gilashin zamanin fim, irin 50mm f/1.8 da ke kwance a akwatin iyayenmu, ka saita shi da hannu, kyamara tana haska maka gefen abin da ya shiga saiti.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Sensa da allo kullum a kunne suke, don haka tana shan batir. Wanda zai je dina da batir ɗaya ya shirya jin kunya. Idan ka cire gilashi sensa a buɗe take, a lokacin hunturu kuwa ƙura ba ta jira. Sannan maleƙar tana ruɗi: a ɗaki mai duhu haskenta yakan sa ka ɗauka hoto ya ƙoshi, sai ka isa gida ka tarar da shi dulum. Ka rage hasken maleƙa da dare, ka kuma saba da duba histogiram, wato ɗan zanen tudun nan da ke nuna rabon duhu da haske.

Lissafin bakin gilashi

Lambar f rabo ce: tsawon gilashi a raba da faɗin ƙofar da haske ke shiga. Shi ya sa ƙaramar lamba take nufin babban baki. Jerin da ya kamata kowa ya haddace shi ne 1.4, 2, 2.8, 4, 5.6, 8. Daga kowace lamba zuwa ta gaba haske yana raguwa da rabi, wannan shi ne mataki ɗaya.

Bari in kafa misali da gilashin da ya yi suna a wannan aiki, Fujifilm XF 56mm f/1.2, wanda ya fito a 2014. A kan ƙaramar sensar nan ta APS-C yana gani kamar yadda 85mm ke gani a babbar sensa mai milimita 36 da 24. Raba 56 da 1.2, za ka sami ƙofa mai kusan milimita 47. Gilashin 18-55mm da aka saba haɗowa da kyamarori da yawa kuwa, idan ka ja shi zuwa 55 yana tsukewa ya koma f/5.6, ƙofar da ba ta wuce milimita 10 ba. Hasken da na farko ke sha ya ninka na biyun sama da sau 20.

Me ya sa ake son wannan tsawo ga fuska? Saboda yana tilasta maka ja da baya. Idan ka matso dab da mutum da gajeren gilashi, hancinsa ya fi kunnensa kusa da kai sosai, sai ya kumbura. Daga mita biyu zuwa uku kowace gaɓa tana komawa daidai gwargwadonta, shi ma wanda ake ɗauka ya fi sakin jiki.

Yanzu mu ƙaddara muna falo da dare, ƙwan lantarki ɗaya, kyamara ta ce a f/1.4 da ISO 100 tana buƙatar shota ta tsaya a buɗe 1/15 na sakan. Wannan ya yi jinkiri ga mai rai. Muna son 1/125. Daga 1/15 zuwa 1/30, zuwa 1/60, zuwa 1/125, mataki uku ke nan. Sai mu biya da ISO: 200, 400, 800. ISO 800 ba abin damuwa ba ne ga kowace kyamarar zamani. Amma mai f/5.6 sai ya ƙara mataki huɗu a kan wannan: 1600, 3200, 6400, 12800. Ɗaki ɗaya, amarya ɗaya, wani yana 800, wani yana 12800. Abin da faɗin baki yake saya maka ke nan.

Abin da kake biya

Kuɗin da ake biya shi ne zurfin saiti, wato kaurin wurin da ke fitowa tangaran daga gaba zuwa baya. Da 56mm a f/1.2, mutum yana mita biyu daga gare ka, kaurin nan kusan santimita 6 ne. Da 85mm a f/1.4 a babbar sensa, bai kai santimita 5 ba. Ka auna daga kan hancinka zuwa kunnenka, za ka ga ya ninka haka. Idan amarya ta ɗan karkata kai, ido ɗaya zai fito, ɗayan ya yi dishi-dishi. Idan ango ya tsaya taƙi ɗaya a bayanta, an yi asarar fuskarsa, kuma shi ne mai biyan kuɗin.

Ga abin da ke maganin wannan. A mutum ɗaya, saita idon da ya fi kusa da kai; idan shi ya fito, mai kallo yana yafe sauran. A mutum biyu, jera fuskokinsu su yi nisa ɗaya da kai, ko ka tsuke zuwa f/2 ko f/2.8. A hoton dangi mai sahu biyu kada ka yi ƙasa da f/4, ko da ISO zai hau. Ka kuma tuna nisa yana taimako: idan ka ninka tazara, zurfin saiti yana ninkuwa kusan sau huɗu. Santimita 6 a mita biyu ta zama kusan 24 a mita huɗu. Hoton tsaye gaba ɗaya a f/1.4 ya fi hoton fuska zalla sauƙi.

A daina al'adar nan ta saita tsakiya, a riƙe maɓalli, sannan a karkata kyamara a gyara tsari. A f/8 tana wucewa, a f/1.2 wannan 'yar karkatar ta isa ta kai saiti bayan ido. Kunna mai bin ido, ka bar shi yana bi ba tsayawa. Amma ka sa masa ido shi ma, domin mayafi mai duwatsu, da dogon gashin ido na kanti, da firam ɗin tabarau, duk suna sace saiti. Idan lulluɓi ya rufe fuska, koma ga ɗigo ɗaya ka ɗora shi da kanka. Idan kyamara ta kama kai-kawo tana neman saiti, ba ta wurin da fari da baƙi suka haɗu, kamar layin kwalli ko bakin hula.

Shota a gaba, ISO a baya

Kuskuren da ya fi yawa a tsakaninmu shi ne tsoron ISO. Mutum zai maƙale a 400, ya bar shota ta sauka 1/20, ya dawo da hotuna masu tsabta amma kowace fuska ta goge. Na'urar gyara rawar hannu tana ƙara wannan ruɗi. Hannunka take tsarewa; ba ruwanta da amarya mai dariya ko yaron da ya waiga.

Don haka fara da shota. Mutum a zaune ya natsu, 1/125. Mai magana ko tafiya, 1/250. Filin rawa da liƙi, 1/500. Sai ka buɗe baki gwargwadon yawan fuskokin. ISO shi ne na ƙarshe, ka bar shi ya hau inda zai hau. Yawancin waɗannan kyamarori suna barin ka kafa shota da baki da hannu, ISO kuma ya riƙa daidaita kansa.

Yashi-yashin da ke fitowa a hoton dare, yawancinsa ba ISO ne ya haife shi ba, ƙarancin haske ne. Haske ƙwaya-ƙwaya yake sauka, kuma ba a jere ba. Ka jera kwanuka a tsakar gida ana yayyafi, ka kwashe bayan ɗan lokaci: wani ya sami ɗigo uku, wani bakwai. Ka bar su cikin ruwa kamar da bakin ƙwarya, za ka tarar duk sun kusa zama ɗaya. Haka ɗigogin sensa suke. Wanda rabonsa ƙwaya 100 ne, yakan saɓa da maƙwabcinsa da kusan 10, kashi goma cikin ɗari. Wanda rabonsa 10,000 ne, saɓanin kusan 100 ne, kashi ɗaya cikin ɗari. Wannan saɓani shi ne yashin. ISO ƙara wa abin da aka samu ƙarfi kawai yake yi, ya fito da mai kyau da marar kyau tare.

Darasin a fili yake. Ɗaukar hoto da duhu a ƙaramin ISO da niyyar ɗaga shi a kwamfuta ba ya tsirar da kai, sau da yawa ma ya fi muni, musamman idan JPEG ka ɗauka. Ɗauki RAW, ka ƙosar da hoton tun a wurin. Manhajojin yau suna share yashi sosai, amma fuskar da motsi ya goge da wuya ta dawo. Da babu gara ba daɗi.

Akwai wata matsala da ta shafi wutarmu. Lantarkin Nijeriya da Nijar yana juyawa sau 50 a sakan, don haka fitilu da yawa suna ƙyaftawa sau 100 a sakan, ido bai gani amma sensa tana gani. Shota ta lantarki, wadda ba ta ƙara, layi-layi take karanta sensa daga sama zuwa ƙasa, sai hoto ya fito da zane-zanen haske da duhu. Maganin shi ne 1/100 ko 1/50 idan mutum a tsaye yake cik. Idan kana buƙatar sauri, koma shota mai ƙara, ka kunna mai kauce wa ƙyaftawa idan kyamararka tana da shi. Janareto kuwa juyinsa yana hawa da sauka da nauyin da aka ɗora masa, fitilun ado na zauren biki kuma kowace da irin ƙyaftawarta. Saboda haka da ka shiga zaure, ɗauki farin bango sau biyu ko uku ka duba, kafin amarya ta iso.

Kai fuska inda haske yake

Nan ne zuciyar laccar. Haske yana raguwa da nisa ninki biyu: idan ka ninka tazara tsakanin fitila da fuska, kashi ɗaya cikin huɗu ne ke saura. Juya lissafin. Mutumin da ke mita biyu daga fitila, ka matso da shi mita ɗaya, ya sami haske ninki huɗu, mataki biyu cur. ISO 3200 ya dawo 800. Tsakanin gilashin f/1.8 mai sauƙin kuɗi da f/1.2 mai tsada kuwa, mataki ɗaya ne da ɗan ɗoriya. Ke nan cewa “Hajiya, ɗan matso nan” ya fi abin da kuɗin suka saya.

Bayan yawa sai alƙibla. Ƙwan da ke tsakiyar silin shi ne babban abokin gabarmu. Wanda ya tsaya ƙarƙashinsa, goshi da hanci za su yi ƙyalli, idanu su faɗa rami, hula ko goggoro su jefa inuwa har kumatu. Ja shi baya taku biyu ko uku, ya fuskanci ƙwan, ya ɗan ɗaga haɓa, har sai ka ga ɗigon haske ya bayyana a ƙwayar idonsa. Idan ka ga ɗigon nan, fuska ta samu.

Fatarmu tana da nata hukunci. Fata mai duhu tana bayyana siffarta ne ta hanyar sheƙin da take mayarwa. Ƙaramar fitila mai kaifi ɗigon ƙyalli take bari a goshi, sauran fuska ya nutse. Haske mai faɗi da ya zo daga gefe kuwa shimfiɗuwa yake yi a kan kumatu da goshi, ya fito da tsarin fuska. Ƙofar ɗaki a buɗe, farin bango da fitila ke dukansa, farin mayafi da ƙawar amarya ta riƙe maka a gefen inuwa, ko tocilar waya da aka haska a bango maimakon a fuska, duk suna yin wannan aiki. Filasha ma ba haram ba ce. Harba ta silin ko bango ta dawo a tausashe.

Kada kuma ka yarda da ma'aunin kyamara ido rufe. An gina shi ne ya mayar da komai tsaka-tsaki, toka-toka. Ango ya sha farar shadda ta cika hoto, kyamara za ta rage haske don ta mayar da farin toka, fuska ta tafi. Baya ya yi baƙi ƙirin, za ta ƙara haske har shaddar ta ƙone, aikin wuyan rigar ya ɓace. Auna a kan kumatu, ka kunna alamar da ke nuna inda fari ya ƙone, ka ɗaga haske har dab da inda shadda za ta fara ƙonewa, ka tsaya. Matsalar tsohuwa ce: shekaru da yawa ɗakunan wankin hoto mai launi suna daidaita injinansu da katin Kodak mai hoton Baturiya, wanda ake kira katin Shirley. Yau ma'aunin yana hannunka. Ƙosar da fuska da haske daban, sauya wa mutum launin da Allah ya ba shi daban.

Launi shi ne na ƙarshe. Kyandir da fitilar ƙwai suna wajen 1900 zuwa 2000 a ma'aunin Kelbin, ja-ja. Tsohon ƙwan lantarki yana wajen 2700. Hasken rana wajen 5500. Fararen fitilun caji kuma sukan kai 6500, shuɗi-shuɗi. Idan biyu suka haɗu a fuska ɗaya, babu gyaran da zai daidaita su duka. Kashe ɗaya idan da hali, ko ka juya mutum ɗaya kawai ta same shi. Idan fitilun zaure shunayya da kore suka rina fuska, jira su juyo fari, ko ka mayar da hoton baƙi da fari.

Mu haɗa duka a teburin mai shayi bayan isha'i. Gwangwanayen madara a jere, burodi a tsibe, fitilar caji a rataye a jikin sanda, wuta tana ci ƙarƙashin tukunya. Ka yi sallama, ka sayi shayi, ka nemi izini. Kada ka tsaya fitila tana bayanka, hoton zai fito a baje ba armashi. Zaga har ta koma gefensa, ɗan baya kaɗan, yadda za ta zana gefen fuskarsa ta kuma haska tururin da ke tashi. Sa 1/250 da f/1.4 ko f/2, auna kumatunsa, ka bar titin da ke bayansa ya yi baƙi abinsa. Daidaita launi da fitilar da ke kan fuskar, jan wutar ƙasa ya zauna a matsayin ado. Sai ka jira. Idan yana fifita shayi daga kofi zuwa kofi, akwai inda hannun sama yake kaiwa ya ɗan tsaya kafin ya sauko, idonsa yana kan zirin shayin. Nan za ka danna.

Ladabi da sayayya

Kyamarar da ba ta ƙara, ba ta walƙiya, tana gani daga nesa, amana ce. Filasha tana sanar da mutum an ɗauke shi, wannan kuwa ba ta sanarwa. A wurin kamu da cikin gida akwai matan aure da suka saki mayafi saboda sun san tsakaninsu ne. Ka tambayi uwar biki wa za a ɗauka, wa ba za a ɗauka ba. Wanda ya ce a goge, a goge a gabansa. Kada hoton kowa ya hau Instagram ko TikTok ba da yardarsa ba. Mai hoto da sunansa yake cin abinci.

Game da saye, idan kuɗinka na abu ɗaya ne, sa shi a gilashi. Tsohuwar kyamara da f/1.8 ta fi sabuwa da f/5.6 a cikin duhu. Mai APS-C ya duba 50mm f/1.8 ko irin Sigma 56mm f/1.4, mai Olympus ko Panasonic ya duba 45mm f/1.8, mai babbar sensa 85mm f/1.8 ya ishe shi. Ka lura da ɗakunan da kake aiki: a ƙaramin ɗaki 85mm zai haɗa ka da bango kafin mutum ya shiga hoto, a nan 35mm ko 50mm ya fi. Canjin da ya rage ka sayi batir na biyu da na uku, ba a fafe gora ranar tafiya.

Kammalawa

Zan bar mu da aikin gida. A daren yau, kowa ya sami ɗan'uwansa da fitila ɗaya tak, a kashe sauran. Kafa shota a 1/125, buɗe gilashin da kake da shi iya buɗewarsa, ko da na f/5.6 ne. Ɗauke shi a ƙarƙashin fitilar, sannan tana gabansa, sannan tana gefensa, sannan tana gefe ta baya. Maimaita a mita biyu da mita ɗaya, kana rubuta ISO da kyamara ta zaɓa kowane karo. Gobe ka jera hotunan a babban allo, ka duba idanu da kumatu. Wanda ya yi wannan zai san ko sabon gilashi yake buƙata, ko kuwa wanda ke hannunsa ne bai gama ba shi haƙƙinsa ba.

Shugaba, nan zan dakata domin a sami lokacin tambayoyi, musamman ina son jin iyayenmu da suka yi wannan aiki da fim mai ISO 400 ba allon dubawa. Allah ya sa albarka a sana'armu, ya ba mu halal.